Kumandan Sama da Tukunyar Mama Marta

"Ku rubuta ku aje," in ji Ambroise, yana dukan ƙirji a ƙofar shagonsa. "Daren da taurari za su zuba, Mama Marta da kanta za ta ja ni har cikin gidanta. Ba aike ba, ba saƙo ba. Da hannunta."

Mu da ke kan benci muka ce Allah ya sa, don shayin da muke sha nasa ne.

Kai da ba ka san mutumin ba, tsaya in gabatar maka da shi. Ambroise mai gyaran salula ne a bakin kasuwar Dogon Dutsi, dogo, siriri, da kai wanda Allah bai yi wa rowa ba. Amma kada ka kuskura ka kira shi mai gyara. Shi Kumandan ne, Kumandan Ƙungiyar Masoya Sararin Sama ta Arewa. Shi ya kafa ƙungiyar, shi ya tsaya takara, shi ya ci zaɓe, shi kuma ya fara tafi. Ni Abdulrazak tela, da shagona ke manne da nasa, an naɗa ni babban injiniyan kumbo, ko da yake duk duniya injin da na iya bai wuce keken ɗinki ba.

Aikin ƙungiya ba wuya. In an tashi kasuwa sai mu taru mu kalli finafinan 'yan sama jannati, da dodanni masu koren fata, da birane masu yawo tsakanin taurari, sannan mu yi ta gardama kan wane kumbo ya fi wane gudu, har mai shayi ya kwashe kayansa. Ambroise ya ƙera kumbuna da gwangwanin madara da na sardin ya rataye su a rufin shago, ta yadda duk wanda ya kawo gyara sai goshinsa ya gaisa da jirgin yaƙi kafin ya kai teburi. Babur ɗinsa ma kumbo ne. Ba ya taka shi sai ya yi ƙirga da baya-baya cikin Faransanci, da murya mai kauri. In ya kai sifiri ya taka, babur ya yi tari ya yi shiru, mu kuma injiniyoyi mu tashi mu tura. Ba zan ɓoye maka ba, ina son finafinan nan, kuma ina son Ambroise. Cika baki ne kawai ya yi masa katutu.

Akwai wadda ta fi ni son sa, ita ce Salomé, ungozoma a asibitin gari. Abin da ta gani a jikinsa, ita da Mahaliccinta suka sani. Matsalar tana wajen mahaifinta, Baba Nathanaël, tsohon daraktan lakwal, wato shugaban makarantar boko, wanda rabin manyan garin nan suka sha bulalarsa, da mahaifiyarta Mama Marta, shugabar mawaƙan mata a coci, wadda ba ta ɗaga murya sai in waƙa take yi. Duk lokacin da Ambroise ya nemi izinin turo manyansa neman aure, sai Baba ya ce a dakata tukuna. Ran nan ya zaunar da shi ya tambaye shi, wannan saman da yake ta kallo, me ta taɓa ba shi ban da ciwon wuya. Nan fa bakin Ambroise ya kufce. Ya ce cikin watan Agusta akwai daren da taurari za su yi ta zuba kamar ana sheƙar gero, ya ce duk shekara suna zuwa, rashin ilimi ne ya hana mutanen gari lura, ya ce duk faɗin Arewa shi kaɗai ya san daren.

Baba Nathanaël ya gyara tabarau. "Rabona da ganin tauraro ya hwaɗi tun ina yaro ƙauyenmu, wajen Kiéché. In ka gwada min ko guda da idona, turo manyanka. In ba ka gwada min ba, ka bar min ɗiyata ta huta da labarin dodanni."

To, daren dai gaskiya ne, a salula ya gani. Bayanin ma gajere ne: ka fita bayan gari inda babu haske, ka shimfiɗa tabarma, ka kwanta rigingine, ka kalli sama. Shi ke nan, ko na'ura ba a buƙata. Amma da na tuna masa haka sai ya ɓata rai kamar na zage shi. Shi zai kwantar da darakta guda a ƙasa? Da matarsa? A gaban jama'a? A garin nan ko sunan jariri za a yi, in dai an gayyaci manya, sai an kafa rumfa, an jera kujeru, an tada gurup, wato injin wuta, an rataya ampul, ƙwan lantarki ke nan, an kawo mikoro na magana ta lasifika. Wanda ya yi taro babu waɗannan, shekara ake yi ana zancen rowarsa. Saboda haka ya tafi wajen Ɗantala mai hayar kayan biki ya ce a ba shi na manya.

Na ce, "Kumandan, rumfa fa sama take rufewa."

"Damina muke, injiniya. In raɓa ta taɓa darakta, kai za ka yi jinya? In lokaci ya yi sai su leƙo."

"To fitilun fa?"

Ya dube ni da tausayi. "Kai tela ne. Ka taɓa zura zare cikin duhu? Ƙaƙa mutum zai kalli abu babu haske?"

Shi kuwa Ɗantala ya ce bai taɓa yi wa taurari haya ba, amma zai kawo irin kayan da yake kai wa auren 'ya'yan alhazai, har da furannin roba.

Daga nan labari ya shiga gari, kuma kullum sai ya ƙara ƙiba. Da farko Ambroise ya san daren ne kawai. Ranar kasuwa ya zama shi ya lissafo daren da kansa. Kafin mako ya fita, Turawan da ke nazarin sama suna bugo masa waya suna neman shawara, shi kuma yana ce musu su kira an jima, yana da kwastoma. Wata mai fura ta tambaye shi ko taurarin ba za su faɗo wa mutane a ka ba, ya ce ta kwantar da hankalinta, ya riga ya duba wannan.

Saura kayan Kumandan. Ni na ɗinka masa riga da wando da irin ledar nan mai ƙyalli da ake rufe gilashin mota saboda rana, wadda iska ba ta ratsa ta ko kaɗan. Hula ce ta yi gardama. Na ce ya sa hular babur, ya ce wannan ko ɗan kabu-kabu yana da ita. Sai ya gaya wa Salomé yana buƙatar tukunya mai kyau ta zuba wa manyan baƙi miya. Ita kuwa, don tana so ya fita kunya, ta roƙi uwarta har ta ba ta wadda ta fi kowace daraja a gidan, tukunyar dalma mai zagayayyen ciki da kunnuwa biyu, wadda ko wuta ba a ɗora ta, sai ranar babban biki ake fito da ita. Ambroise ya wuce da ita kai tsaye wajen mai walda. Aka yanke taga a jikinta, aka liƙa baƙin gilashin nan na masu walda, wai kada hasken taurari ya makantar da Kumandan, aka dasa eriyar rediyo a gefe. Ya ce bayan taro zai sayo wa Mama sabuwa wadda ta fi wannan, ba ma za ta lura ba. Ya cusa gammo a ciki don tagar ta tsaya daidai idonsa, ya kifa ta a ka da ƙyar, ya tsaya gaban madubina. Ya duba gaba, ya duba gefe. Gindin tukunyar ne kawai bai duba ba.

Ranar ta zo, Allah ya taimake shi sama ta yi wasai, babu hadari babu farin wata. Bayan isha'i filin da ke gindin dutsi ya cika. 'Yan coci sun zo, 'yan masallaci sun zo, mai tsire ya kafa tukubarsa, masu ƙosai sun hura wuta. Tun ba a ga komai ba gardama ta kaure. Wani malami ya ce shaiɗanu ake jifa, wata tsohuwa da ta zo ganin jikokinta daga Lugu ta ce iskoki ne ke kai wa juna ziyara, 'yan makaranta suka ce tsakuwoyin sama ne ke ƙonewa. Ɗantala ya tada gurup, fili ya haske kamar tsakar rana. Aka zaunar da Baba Nathanaël da Mama Marta a manyan kujeru masu laushi a tsakiyar rumfa, wurin da ya fi ko'ina daraja. Baba ya ɗaga kai don ya dubi sama. Abin da ya gani shi ne tamfol mai ratsin shuɗi da furen roba yana lilo.

Sai ga Kumandan a kan kumbo, mu injiniyoyi muna tura shi, don ya mutu tun a kwanar kasuwa. Ya sauka yana ƙyalli tun daga wuya har idon sawu, yana ɗaga ƙafa a hankali yadda suke yi a fim in sun sauka duniyar wata. Yara suka yi ta tsalle. Ta cikin baƙin gilashin nan ba ya ganin komai sai inda ampul ya haska sosai, amma ya lallaɓa har gaban iyayen Salomé. Duk da cika bakinsa yaro ne mai ladabi, sai ya durƙusa ya sunkuyar da kai don gaisuwa.

Ka san matan garin nan. Saboda aron tukwane da ake yi ranar biki, kowace mace tana da alamar da take shafawa da fenti a gindin kayanta, ko an tara tukwanen unguwa duka za ta tsamo tata. Alamar Mama Marta jan gicciye ne da ɗigo a kowane gefe. Gindin tukunya kuwa yanzu shi ne tsakiyar kan Ambroise, ga shi ya miƙa mata shi dab da hancinta, ƙarƙashin ampul mafi haske a wurin. Kuma ba kowace tukunya ba ce, ita ce wadda uwarta ta ba ta ranar aurenta.

Mama Marta ta daɗe tana kallon alamar, ta kalli tagar, ta kalli eriyar. Sannan ta juya wajen 'yarta a hankali.

"Salomé, kin ce min miyar baƙi za a zuba ciki."

Salomé ta rufe fuska da gyale.

"To ga miyar nan tana gaishe mu," in ji Mama Marta. "Lahiya lau, Ambroise. Tashi ka yi aikinka."

Shi a cikin tukunya rabin maganar ya ji, ya ɗauka yabo ne. Ya ce mersi, ya karɓi mikoro, ya fara jawabi a kan tarihin sama tun daga farkonta. Abin da ke fitowa ta lasifika kuwa irin ƙarar da za ka ji in akuya ta cusa kai a bokiti. Jama'a suka yi ta tafi barkatai, don ba wanda ya san inda magana take ƙarewa. Waɗanda suka gaji suka fita gefen rumfa suka ɗaga kai, amma fitilun Ɗantala sun shanye sama, ko tauraron da ke zaune lafiya ba a gani, balle mai gudu. Baba Nathanaël ya fara duba agogo. Salomé ta matso kusa da ni, idonta cike da ƙwalla, ta ce in yi wani abu don Allah, in Baba ya tashi ya tafi gida aurenta ya tafi tare da shi. Na tausaya mata ƙwarai, amma ba a yi wanda zai ƙwace mikoro daga hannun Kumandan ba.

Waɗanda suka amsa gayyata da zuciya ɗaya su ne ƙwari. Damina ce, gonakin gero sun kewaye filin, ga haske irin wanda ko kakanninsu ba su gani ba. Suka taso daga Kiéché, suka taso daga Tibiri, ina jin har da na tsallaken iyaka: fara, shinge, buzuzu, da waɗansu da ban san sunansu ba. Da yake kuwa babban ampul a tsakiyar rumfa yake, manyan baƙi suka fi kowa samun rabo. Mawaƙan coci suka tashi suna kakkaɓe zannuwa. Malamin nan mai zancen shaiɗanu ya haɗiye ɗaya yana cikin kafa hujja. Baba Nathanaël ya daure irin ta tsohon darakta har wani ya shige masa hanci, sannan ya miƙe ya ja matarsa suka koma can gefen fili. Kafin ka ce kwabo, rumfa ta zama ta ƙwari da Ambroise.

Shi yana ta yi wa kujeru jawabi, gumi ya cika ledar har yana tsiyaya ta ƙafar wando. Sai wani ƙaton buzuzu ya bi ta ƙarƙashin haɓarsa ya shige tukunya, ya fara zagaye duniya a ciki. Kumandan ya saki mikoro ya shiga dukan kansa da hannu biyu, ƙwal, ƙwal, ƙwal. A dukan ƙarshe gammo ya zame, tukunya ta faɗa har wuya, bakinta ya kama ƙarƙashin muƙamuƙi. Ya ja sama, ta ƙi. Ya yi baya, ya yi gefe, ya ture kujerar darakta, ƙafarsa ta sarƙe da wayar wuta, ya tafi ƙasa gaba ɗaya da ƙarar da aka ji har tasha. Wayar ta fizgo gurup ya kife, ya yi tari irin na babur ɗin Ambroise, ya mutu.

Duhu ya rufe fili. Ba ka jin komai sai zagin Ɗantala ƙasa-ƙasa. A hankali idanu suka saba, sama ta buɗe, taurari birjik har kan dutsi. Sai ɗaya ya tsinke ya ja farin layi ya ɓace. Wata mata ta ce, "Kun gani?" Kafin a amsa mata wani ya biyo, sai biyu tare, sai wani babba mai kore-kore da ya ratsa sama ya bar sawunsa yana haske. Filin nan duka ya ɗauki "Aaa" lokaci guda. Masu salati na yi, masu kiran Yesu na yi, tsohuwar Lugu ta rangaɗa guɗa. Mutane suka zube a ƙasa, alhaji kusa da ɗan kabu-kabu, ba mai tuna kujera. Na hangi Baba Nathanaël kwance rigingine a kan tabarmar mai tsire, yana dariya kamar ɗan aji ɗaya, yana nuna wa matarsa da yatsa. Ni kaina, duk da finafinan saman da na kalla, ban taɓa ganin abin da ya kai wannan daɗi ba, sai da na share ido.

Kumandan fa? Ya samu ya zauna cikin wayoyi. Gilashin masu walda in babu haske daidai yake da bango, ga shi tagar ma ta koma saitin bakinsa. Amma da ya ji jama'a suna ta "Aaa," sai ya gane abin ya fara, shi kuwa Ambroise bai taɓa bari a yi murna babu sunansa a ciki ba. Ya miƙe ya ɗaga hannu.

"Ga shi nan! Kamar yadda na hwaɗa muku! Ku dubi wancan!"

Yatsansa yana kan tukubar mai tsire.

Baba Nathanaël ya taso yana kakkaɓe riga, ya tsaya a gabansa, ya ƙwanƙwasa tukunyar da yatsa kamar mai sallama.

"Ambroise, kana ciki?"

"Ina ciki, Baba. Kun gani ko? Ai ni na shirya a kashe wutar daidai lokacin."

"Na gani, ɗana, kuma na ji daɗi ƙwarai. Kai ka ga babban nan da ya wuce?"

"Sarai, Baba. Ja wur."

"Kore ne. Kuma abin da kake nunawa tsire ne."

Dariyar da aka yi sai da ta tada karnukan unguwar mission. Baba ya jira ta lafa, don ya saba da aji, sannan ya yanke hukunci.

"Munka yi da kai za ka gwada min. Yaran ga sun gani, tsohuwar ga ta gani, jakin can ma ina jin ya gani. Duk Dogon Dutsi kai ɗai ne ba ka gani ba, to mi ka gwada min? Amma ka ce duk shekara suna zuwa. Baɗi, in ka ga guda da idonka, turo manyanka."

Shekara guda cur. Salomé ta zauna a ƙasa tana dariya tana kuka. Ta ce za ta jira, amma in ya ƙara aron ko cokali a gidansu ta fasa.

Muka taru a kan hula. Na riƙe kafaɗu, Ɗantala ya ja kunnuwan tukunya da duk haushin gurup ɗinsa, ba abin da ya fito sai kukan Kumandan da amo. Zafi ya kumbura kan da dama can ba ƙarami ba ne. Wani ya ce a taso mai walda ya tsaga ta gida biyu. Sai muka ji muryar Mama Marta, a sanyaye kamar kullum. Ta ce an yanka tukunyar uwarta sau ɗaya ba ta nan, ba za a ƙara tana tsaye ba. Ta ce tana da kuɓewa a gida, za ta kaɗa mai yauƙi a ɗura ta wuya, in kan ya ga dama ya fito, in bai ga dama ba ya jira safiya. Daga ciki Ambroise ya roƙa a kai shi shagonsa, wai yana da dabara, gobe da sassafe zai kawo mata kayanta.

Mama Marta ta sa yatsu biyu ta kama kunnen tukunya.

"Tukunyar ga ba ta taɓa kwana waje ba, ba kuwa za ta hwara yau ba. Taho mu tahi, Kumandan."

Haka suka ratsa gari, ita a gaba, shi a baya a sunkuye yana ƙyalli, eriya na lilo, buzuzu bai fasa zagaye ba, rabin Dogon Dutsi na biye da su, taurari kuma na ta zuba a bisa kansa. Da suka kai ƙofar gida ta ce ya ɗaga ƙafa, akwai dokin ƙofa. Ya ɗaga. Sai ya gane inda yake, ya gane hannun wa ke jan sa, tsohon ciwon cika baki ya motsa.

"Injiniya, kana nan? Mi na ce muku? Da hannunta!"

Ya miƙe tsaye da duk tsawonsa don ya shiga irin ta manya. Saman ƙofar Baba Nathanaël kuwa ba don dogaye aka yi shi ba. Ƙwal.

Mama Marta ta haska fitilar salularta, ta shafa gindin tukunyar ko ya loɓa.

"A hankali, Ambroise," in ji ta. "In dole sai wani abu ya hwashe, na ciki ya hwashe."